Ɗaura Sitabilaiza a Bayan A-kori-kura Mai Jan Tirela: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana a Kaduna

Tun da manyan a-kori-kura irin su Tundra, F-250 da Ram suka fara yawa a hannun 'yan kwangila da manoman Kaduna, ga kuma Hilux da Land Cruiser da muka saba da su, kusan tambayoyi iri ɗaya ake kawo mana gareji a kan ɗaura sitabilaiza a baya. Masu haƙar burtsatse da ke jan kwamfuresa, masu kai dawakan folo Kangimi, masu ɗauko masara daga Saminaka ko citta daga Kachia, kowa da yadda yake faɗin tasa, amma kukan ɗaya ne: mota ba ta zama daram idan an yi mata lodi. Na tattaro tambayoyin na sa musu lamba don a riƙa komawa. Mai sauri ya fara da ta 3, don a nan ne yawancin mutane ke zubar da kuɗinsu.

1. Mece ce sitabilaizar mota, kuma mene ne aikinta?

Ba wadda ake jona wa firji saboda wutar NEPA ba ce, duk da sunan ɗaya ne a bakin kanikawa. Wannan sandar ƙarfe ce mai kauri, an lanƙwasa bakinta biyu ta zama kamar harafin U mai faɗin ciki, aka gicciya ta ƙarƙashin mota daga hagu zuwa dama. A bayan a-kori-kura, tsakiyarta ake ɗaurewa a jikin bakaksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, da bushin (zoben roba) guda biyu, hannuwanta kuma su kama casis ta wasu gajerun ƙarafa da muke kira linkeji.

Idan tayoyin baya biyu suka hau tudun rage gudu a tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin bushin ɗinta, ba ruwanta. Sai an shiga kwana take tashi aiki. Jikin mota ya kwanta gefe ɗaya, hannu ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sandar ta murɗe kamar ana matse wanki, ƙarfen kuma ya ƙi yarda. Wannan gardamar ce ke tallabe motar. Dabarar ba ta yau ba ce: tun 1919 wani ɗan Kanada, Stephen Coleman, ya yi mata rajista da sunansa.

2. Motata tana da ita a gaba. Me ya hana kamfani sa ta a baya?

Sifirin mai falle-falle da ke bayan yawancin a-kori-kura shi kansa yana hana kwanciya daidai gwargwado, tunda an yi shi da tauri don ɗaukar kaya. Sannan kamfani ya san rabin rayuwar motar ba komai a bayanta, kuma baya mara nauyi da aka ƙara wa tauri yana saurin zamewa. Na faɗaɗa wannan a tambaya ta 10.

Amma wasu suna fitowa da ita. Ford F-350 mai taya huɗu a baya tana da ita daga kamfani, haka ma F-250 da aka saya da tsarin ɗaukar ɗakin kwana a bodi. Toyota ta sayar da tata mai tambarin TRD, sashenta na kayan tsere, ga masu Tundra ta 2007 zuwa 2021, kuma a 2022 ta sa wa Hilux samfurin Rogue na Ostiraliya. Don haka kafin ka tambayi farashi, durƙusa ka leƙa. An sha kawo mana mota Beljiyam da sandarta tana nan lafiya, linkeji ɗaya ne ya tsinke tun kafin ta baro tashar jirgin ruwa.

3. Idan na ɗaura ta, tirelata za ta daina rawa?

A'a. A nan ne ake barin jaki ana dukan taiki. Ciwo uku ne daban-daban, amma direbobi duk "rawa" suke ce musu. Na farko kwanciya: ka shiga shataletale, ko ka sauko daga gadar Kawo ka karya kwana, jikin motar ya karkata har na kusa da kai ya riƙe ƙofa. Na biyu zaman baya: an rataya tirela, gindin mota ya durƙusa, hancinta ya ɗaga, fitila tana haska rassan bishiya. Na uku kaɗa wutsiya: kana kan miƙaƙƙiyar hanya, ka wuce Rigachikun ka nufi Zariya, tanka ta gifta ka, sai tirelar ta fara wurgi hagu da dama tana fizgar bayan motar.

Na farkon kaɗai sitabilaiza take warkarwa. Na biyu aikin sifirin ne da rabon nauyi, yana tambaya ta 7. Na ukun, wanda shi ne ke kifar da mota, daga tirelar kanta yake fitowa, yana tambaya ta 4. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne a shagunan intanet na Amurka kusan suna ɗaya ake kiran abubuwa biyu: sandar da ke ƙarƙashin mota, da wani ƙarfe mai goga da ake ɗaurawa tsakanin ƙugiyar mota da wuyan tirela don ya hana wuyan saurin juyawa. Mutum ya ji an yabi na biyun, ya yi odar na farkon.

Ba na cewa sam ba ta taɓa jan tirela. Motar da ba ta kwanciya ta fi riƙe layinta, kuma direba ya fi jin ta a hannu idan babbar mota ta watso masa iska. Sai dai wannan daɗin ne abin tsoro. Tirelar da aka yi wa mugun lodi tana nan da halinta, kai kuma ka ji mota ta zauna ka ƙara wuta. Da can a kilomita 70 take gargaɗinka, yanzu sai ta bari ka kai inda gyara zai yi wuya.

4. To me ke sa tirela kaɗa wutsiya, kuma yaya ake magance shi?

Babban dalili shi ne nauyi ya yi yawa a bayan tayoyin tirela, wuyanta ya yi sakayau. Ƙa'idar da masu ƙera tirela suka tsaya a kai ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirela da kayanta ya sauka a kan ƙugiyar mota. Tirela mai kilo 2,000 ke nan tana danna ƙugiya da kilo 200 zuwa 300. Wajen lodi, kusan kashi 60 na kaya ya kasance gaban tayoyinta, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure shi yadda ba zai ja baya ba idan an hau tudu. Irin tirela mai dogon wuya da ake haɗawa a tsakiyar bodi, bisa bakaksul, ita kashi 15 zuwa 25 take saukewa.

Akwai wani Alhaji mai aikin burtsatse da ya zo da niyyar sayen sanda mafi kauri. Da muka zagaya tirelar, sai ga janareta da gangar man dizal an tura su can ƙarshe. Na tambayi yaransa dalili, suka ce ai haka ya fi sauƙin ɗaga wuyan a rataya. Gaskiyarsu, yaro ɗaya ma yana ɗaga shi da hannu guda. Muka dawo da janaretan gaba, rawa ta tafi, Alhaji bai sayi komai ba. In har yaro ɗaya zai ɗaga wuyan tirela mai tan biyu, lodin bai yi ba.

Auna wuyan ba wuya. Sikelin ƙasa na 'yan hatsi ko na masu sayen gwangwan ya isa: a ɗora katako a kai har wuyan ya kai tsayin da yake zama idan an rataya shi, a karanta. Bayan nauyi, a duba iskar tayoyin tirela, a tabbatar tana tafiya a shimfiɗe ba hanci sama ba, a kuma rage gudu.

5. Wa zai fi cin moriyarta?

Wanda nauyinsa ke kan motar kanta, kuma a sama. Mai ɗora tankin ruwa na lita 1,000 a bodi ya ɗora tan guda cur, kuma idan tankin rabi ne ruwan gudu yake yi gefe a kowace kwana, abin ya fi muni. Haka mai jera buhunan masara har su wuce kan direba, da mai bodin ƙarfe mai tsayi da ke ɗauko raguna daga Zango gab da Babbar Sallah, dabbobi suna tururuwa gefe ɗaya. Mai tirela mai dogon wuya shi ma yana cikinsu, don nauyin wuyan a saman bodi yake zama. Waɗannan da sun ɗaura za su ji bambanci tun a kwanar farko.

Mai jan tirelar dawaki ko kwamfuresa a ƙugiyar baya, bodi kuma ba komai, ribarsa kaɗan ce. Ƙwallon ƙugiya yana barin tirela ta karkata ita kaɗai ba tare da ta kwantar da motar sosai ba. Shi kuɗinsa sun fi amfani a tambaya ta 4 da ta 8.

6. Za ta ba ni damar ƙara lodi?

Ko kilo ɗaya. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda ko faranti a jikin ginshiƙin. A motocin Amurka za ka ga GVWR, iyakar nauyin mota da duk abin da ke cikinta, da GAWR, iyakar abin da kowane aksul zai ɗauka. Birki, taya, boris da casis ne suka yanke waɗannan lambobi, sanda ba ta canza su. Ka kuma tuna nauyin wuyan tirela yana cikin lissafin kayan mota, tare da kai da yaranka da jarkokin mai.

Wani abin da ake tsallakewa: idan ka ji an ce Land Cruiser 79 ko wasu samfuran Hilux suna jan kilo 3,500, tirela mai birkin kanta ake nufi. Mara birki iyakarta kilo 750. Yawancin tirelolin ƙirar gida da ake kawo mana ba su da birki ko kaɗan, kuma an ɗora musu ninkin wannan sau uku. Ni a wurina sa wa tirela birki ya riga sitabilaiza a layi, nesa ba kusa ba.

7. Bayan motata yana zama idan na rataya tirela. Me zan sa?

Fara da duba sifirin ɗin: falle ya karye, ya miƙe ya rasa lanƙwasarsa, ko santabol, ƙarfen da ke haɗa fallayen a tsakiya, ya tsinke? In lafiyarsa lau, hanyoyi uku ne. Ƙara falle shi ne wanda kowa ya sani tun zamanin Peugeot 504 a-kori-kura da ake haɗawa a Kakuri, yana da araha, amma mota za ta riƙa dukan ƙugu idan ba kaya. Na biyu jakar iska da ake sawa tsakanin casis da bakaksul, irin na Firestone ko Air Lift, ka hura idan za ka yi lodi ka sace idan ka sauke. Na uku ƙugiya mai raba nauyi, mai sanduna biyu da ke mayar da wani kaso na nauyin wuyan kan tayoyin gaba da na tirela. Ita kaɗai ce ke dawo wa sitiyari da nauyinsa. Sauran biyun ɗaga baya kawai suke yi.

In ka zaɓi jakar iska, kowace ta sami bakin hurawarta daban. Wasu suna haɗa su da tiyo ɗaya don sauƙi. A kwana iska sai ta gudu daga wadda aka danne ta koma ɗayar, mota ta ƙara kwanciya fiye da da. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

8. An ce in fara duba taya da shokazoba. Ba dabarar sayar min da kaya ba ce?

Ba ita ba ce. Tayar ƙaramar mota mai laushin gefe, idan aka sa wa babbar a-kori-kura, lanƙwashewa take a ƙarƙashin kaya, direba ya ji baya yana yawo ya ɗauka sifirin ne. Nemi mai harafin LT a jikinta, alamar tayar motar ɗaukar kaya. Manyan motocin Amurka galibi mai ajin E suke so, wadda ke ɗaukar iska har psi 80, amma yawan iskar da za ka sa, takardar ƙofa za ka bi, ba son ran mai faci ba. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Dubi kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT a jikin tayar don ka san shekarunta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019.

Shokazoba da ta zubar da mai ba ta kashe lilo. Mota ta faɗa rami ta yi ta sama da ƙasa sau uku kafin ta natsu, tirela kuma tana biye da ita. Sanda a kan matacciyar shokazoba rage girman kwanciyar kawai za ta yi, lilon yana nan.

9. Wane kauri zan saya? Kuma ramuka ukun da ke bakin hannunta na mene ne?

Kauri yana yaudara, don ƙarfin murɗa ba ya tafiya daidai da abin da ido ke gani. Ana ninka kaurin a kansa sau huɗu ne. Sanda mai milimita 30 ta fi mai 25 da milimita biyar kacal, amma taurinta ya ninka ta sau biyu har da ɗoriya. Daga 28 zuwa 32 kuwa ƙarin kusan kashi 70 cikin 100 ne. Na manyan motoci irin F-250 da Ram 2500 suna kaiwa milimita 28 zuwa 33, na ajin Hilux kuma 20 zuwa 24. Kada ka ɗauki ta babbar ka ƙaƙaba wa ƙaramar don kana son ƙarfi.

Ramukan na daidaita tauri ne. Ramin da ke can bakin hannu yana ba da dogon hannu, sanda ta yi laushi, kamar yadda doguwar sifana ke sauƙaƙa kwance noti. Na ciki yana gajarta hannun, ta yi tauri. Kullum mu a na bakin muke farawa. Mai mota ya yi mako yana hawa, da kaya da babu kaya, in bai ishe shi ba mu matsa rami ɗaya, hagu da dama daidai.

10. Tana da haɗari?

Tana da shi idan ta yi wa motar yawa. A kwana, ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar mafi yawan nauyin da ke komawa gefe, kuma shi ke fara rasa riƙon ƙasa. Kamfani da gangan yake barin gaba ya fi tauri, don idan direba ya shiga kwana da wuta gaban ne zai ƙi bi ya miƙe, da ya ɗaga ƙafa kuma mota ta dawo hanya. Ka taurara baya da yawa, sai lissafin ya juye: baya ne zai fara zamewa ya zagayo. Wannan sai gwanin direba, shi ma sai da sa'a.

Da kaya a bodi ba ka cika ganin haka ba, nauyi ya danne tayoyin. Ranar da ka sauke kaya kana dawowa fayau ne abin ke fitowa, musamman a ruwan farko na Afrilu ko Mayu, lokacin da man da ya kwanta a kwalta duk rani ya taso, ko a kan jar ƙasa mai tsakuwa. In yaranka ne ke tuƙa motar, ka gaya musu an canza mata hali. Kuma kada a taɓa ɗaura ta baya alhali ta gaba ta tsinke ko an cire ta.

11. Gonata tana cikin daji bayan Kujama. Ba za ta dame ni a hanyar ƙauye ba?

Za ta dame ka kaɗan. A hanyar da ruwan Agusta ya zaizaye, ana so kowace taya ta sauka rami ita kaɗai ta taɓa ƙasa. Sanda tana ɗaure su tare, don haka taya ɗaya takan rataye a sama ta yi ta juyawa a banza, ɗayar kuma ba ta samun ƙarfi, sai fa in motarka tana da makullin difaranshal, mai sa tayoyin biyu su juya tare. A gargada kuma za ka ji tana girgiza ka gefe da gefe fiye da da.

Masu shiga daji da damina sukan kwance linkeji su ɗaure hannun sandar sama da waya mai ƙarfi yadda ba zai taɓa komai ba, su mayar idan sun fito kwalta. Aikin minti goma ne da sifana biyu. In rabin tafiyarka daji ce, zauna a rami mafi laushi.

12. Ba za a iya ƙera min ita a Panteka ba?

Na san hannun mutanen Panteka, kasuwar maƙeran Kaduna, abin da suke fitarwa daga ƙarfe sai wanda ya gani. Faranti da maƙalan da za su riƙe sandar, in ka kai musu awo, za su yanka maka masu kyau. Sandar kanta ce ban yarda ba. Ba kowane ƙarfe ne ke murɗewa ya dawo sau dubbai ba. Kamfanin Hellwig na Kalifoniya, alal misali, da ƙarfe mai lamba 4140 yake yin nasa, a lanƙwasa shi sannan a gasa shi a tanderu da awon zafi. Rodin gini ko shaft ɗin da aka gasa da wutar gas aka lanƙwasa, ko dai ya murɗe ya zauna a murɗe, mota ta riƙa tafiya a karkace, ko ya karye a daidai lanƙwasar. Karyayyen kuma kusa da tiyon birki yake.

Saboda wannan dalilin ne ba a yi wa sanda walda, ba a kuma gasa ta don ta kauce wa salansa. Salansa ake matsarwa.

13. To ta Beljiyam fa, ko ta wata motar?

Ta Beljiyam da aka ciro daga irin motarka, shekara ɗaya da tsarin baya ɗaya, ba laifi, in an haɗo da maƙalanta. Tafi Oriapata, wurin masu sayar da kayan mota, da lambar casis da hoton ƙasan motarka, ka duba babu tsaga ko tsatsar da ta ci wurin zaman bushin, ka sayi sabbin bushin da linkeji. Lura da shekara: Ram 2500 daga 2014 ta koma sifirin mai naɗi a baya, Tundra ma haka daga 2022, don haka sandar tsohuwar ba ta shiga sabuwar. Wasu sandunan kuma bututu ne, ciki fayau, kaurin waje ba ya gaya maka taurinsu.

Sabuwa kuwa galibi oda ake yi, daga Hellwig ko Roadmaster na Amurka, ko Whiteline na Ostiraliya ga masu Hilux. Ƙarfe ne mai nauyi da tsayi, don haka ka sa kuɗin dako da na kwastan a lissafi tun farko. In an ɗaga motarka sama da yadda ta fito, faɗa wa mai sayarwa, linkeji mai tsayi za ka buƙata.

14. Yaya ake ɗaura ta, kuma me zan sa wa ido idan ana yi?

Wadda aka yi don motarka aikin awa biyu zuwa uku ne a kan rami. Ana kama bakaksul da yubol, ƙarfen ɗauri mai siffar U, a zaunar da bushin, a rataya linkeji a ramukan da ke jikin casis. Abin da yara ke yawan kuskurewa shi ne ɗaure noti tamau mota tana rataye a jak. Sai an sauke ta ta tsaya da ƙafafunta a wuri mai shimfiɗa ake ɗaurewa na ƙarshe, in ba haka ba bushin zai zauna a murɗe ya mutu da wuri. A wannan tsayuwar hannuwan sandar su kasance kusan a kwance daidai da ƙasa, linkeji kuma a tsaye.

Tsaya a kansu wajen yubol. Tiyon birki na ƙarfe da wayar ABS a jikin bakaksul suke bi, kuma yubol ƙarƙashinsu zai shiga, ba kansu ba. An taɓa kawo mana mota daga wani gareji an danne tiyon birki ya baje, tayar baya ɗaya ba ta kamawa sam, mai ita bai sani ba sai da ya taka birki da tirela a baya. Bayan an gama, a loda motar a sake leƙawa, a ga sandar ba ta taɓa salansa, safaya, shokazoba ko murfin difaranshal. In akwai sifana mai awo, a bi lambobin da ke takardar kayan.

15. Bakanikena ya ce sai an huda casis ko a yi walda. In bari?

In takardar kayan ta ce a huda, a huda inda ta nuna, a gefen casis, ba a leɓensa na sama ko na ƙasa ba, don can ne ke ɗauke da nauyi kuma daga rami tsaga ke farawa. Walda a jikin bakaksul kuwa ka ƙi. Zafi yana iya karkatar da bututun ko ya ƙona sil, mai ya fara zuba cikin birki. Idan aka ce sai da walda za ta zauna, yawanci sandar ba ta motar ba ce. Koma tambaya ta 13.

16. Na ɗaura, yanzu ina jin ƙwas-ƙwas ko ƙiii a baya.

Ƙwas-ƙwas a gargada noti ne ya saki ko linkeji ya yi lako-lako. Dama ana sake bin notin bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku na farko, sannan duk lokacin juyen mai. Ƙiii kuwa bushin ne ya bushe, musamman irin mai taurin nan na foliyuretan, ƙurar hunturu da wankin injin feshi suna cinye masa giris. A kwance a wanke, a shafa giris na silikon. Baƙin mai da ake watsawa ƙarƙashin mota a wurin wanki yana kumbura bushin na roba, ka hana su.

17. In tirela ta fara kaɗa wutsiya ina kan hanya, me zan yi?

Ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi ta kana gyarawa hagu da dama, don hannunka ba zai riga ta ba, ƙara mata za ka yi. Kada ka danne birkin mota da ƙarfi. In tirelar tana da birkin lantarki, matsa maɓallinsa na hannu shi kaɗai, zai ja ta baya ta miƙe. Masu cewa a ƙara wuta ta miƙe, kada ka saurare su. Da ta lafa, sauka gefe ka gyara lodi kamar yadda ke tambaya ta 4.

Gangara da iskar hunturu ta gefe sun fi tayar da ita, don haka a rage gudu tun kafin a fara sauka. Littafin dokokin hanya na ƙasa ya ba ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya irin ta Abuja, amma tankoki da tireloli 60 ya ba su. Mai a-kori-kura da tan biyu a bayansa ya fi kusa da na biyun.

18. Ta yaya zan gane kuɗina sun yi aiki?

Gwada kafin a ɗaura, don ka sami abin kwatantawa. Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, mai shataletale da doguwar kwana, da sassafe kafin 'yan Keke su cika titi. Bi ta da lodin da ka saba, a gudu ɗaya, wani ya biyo ka a baya yana ɗaukar bidiyo da waya. Bayan an ɗaura ku maimaita. A bidiyon za ka ga tazarar da ke tsakanin taya da bakin bodi a gefen da mota ke kwanciya, ko ta ragu ko ba ta ragu ba.

Sannan ka sauke kaya ka sake bi fayau, a hankali, ka kuma gwada a fili mai jar ƙasa inda ba kowa. In ka ji baya yana son zagayowa da ka karya sitiyari, a mayar da linkeji rami mafi laushi. In dama a can yake, sandar ta yi wa motar kauri, a nemo ta ƙasa da ita.